Daƙuwa Bisa Umarnin Likita

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyar da ilimin halitta a kwaleji, kuma kowace shekara akwai ranar da nakan zana fatar mutum a allo, in tsaga ta da jan alli, in juyo in tambayi aji, "To, yanzu wa zai rufe wannan?" Ba a taɓa rasa wani daga bencin baya da zai ce, "Allah, Mushe," wato malam a bakin 'yan makarantar Faransanci. Sai in ce masa ya yi gaskiya, amma a jarrabawa ana so ya ambaci ma'aikatan da aka wakilta. Ban taɓa zaton darasin nan zai biyo ni gida bayan na ajiye alli ba, balle a ce ɗalibar da zan samu ita ce wadda ta goya ni ina jariri.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta ba ni shekara tara. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli tun kafin in san baƙi. Ranar kasuwar Matameye matan Dawce da na Kurni sukan wuce masu tuya biyar su zo su tsuguna gaban kwanonta. Sana'ar kuwa duka a tafin hannun dama take. A markaɗo gyaɗa, a riƙa yayyafa ruwan zafi ana murzawa ana dannawa har mai ya tsattsafo ya bar tunkuza, sannan a mulmula a jefa a kasko. Wanda hannunsa ba ya buɗewa ba shi da abin yi a wurin sai kallo.

Wata safiya, bayan an gama kakar gyaɗa, dutse ɗaya na murhunta ya goce, kasko ya karkata. Maimakon ta ja da baya kamar kowane mai son ransa, sai ta sa hannu ta tare. Daga baya na tambaye ta dalili, ta dube ni kamar na tambayi abin da ya sa ake rufe ƙofa, ta ce, "Wa zai tsaya yana kallon mai yana bin ƙasa?"

Gida biyu ne tsakaninmu, don haka ihun ya riga ɗan aike isowa. Na tarar da taron masana. Surukarta babba na riƙe da gishiri, ƙaramar ta fasa ɗanyen ƙwai, maƙwabciya ta zo da man goge baki, wata tsohuwa kuma tana cewa a nemo tawada. Na ratsa su, na kama hannun na tsoma a bokitin ruwan randa, na danne shi a ciki ina karɓar zagi daga kowace kusurwa. Wannan ne karo na farko da Yaya ta bi umarnina, kuma ina jin zafi ne ya ɗauke mata hankali.

A gidan likita, majo, wato babban mai jinya, ya wanke ƙunar ya naɗe kowane yatsa shi kaɗai. Tafin ya ci wuta sosai, haka cikin yatsun. Muka yi makonni muna zirga-zirgar canjin ɗauri, har sabuwar fata ta rufe, ja, mai sheƙi, kamar cikin kankana. Yaya ta yi hamdala ta fara naɗe gyalenta. Majo ya ce ta zauna tukuna.

"Hajiya, rufewa rabin aiki ne," in ji shi. "Daga yanzu fatar nan za ta fara ja. Idan kika bar hannun a dunƙule, a dunƙule zai zauna, sai dai a kai ki Damagaram a tsaga, kuma ko an tsaga ba lallai ya koma yadda yake ba. Ki riƙa shafa man kaɗanya. Kuma kullum, sau da yawa, ki buɗe shi iyakar buɗewa, ki ware yatsun, ki riƙe har ki ƙirga ashirin a hankali. Kamar haka."

Ya ɗaga hannunsa daidai fuskarta, tafi na kallonta, yatsu biyar a ware.

Da muka fito titi ta juyo ta dube ni.

"Wannan yaron ɗan gidan wa ne?"

Majon nan furfurarsa ta fi tawa. Na ce ban sani ba, me ya faru?

"Me ya faru? Kana zaune aka yi wa yayarka daƙuwa, da girmana, da haƙorin Makkata, kana gyaɗa kai kamar ƙadangare."

Na yi dariya har sai da na dafa bango, kuma wannan dariyar ta ci mana mako uku. Da na haɗe rai na yi mata bayani a lokacin, wataƙila da ta saurara.

Gaskiyar magana, abin da majo ya nuna daƙuwa ce tsantsa, babu ragi. Yaya kuwa, wadda a ƙuruciyarta ta raba wa rabin unguwa irinta, tun da ta dawo daga aikin hajji ta ajiye wannan hannun. Ta zama mai magana a hankali, mai amsa tsokana da "Allah ya shirya." Ga gida cike da mutane. 'Ya'yanta maza biyu suna Kano cin rani, kowace safiya sai sun bugo waya sun ja wa matansu kunne kada a bar Hajiya ta ɗaga ko ludayi. Matan kuwa suka ɗauki abin gasa. Wannan ta ba ta abinci a baki, waccan ta ɗaura mata ɗankwali. 'Yan dubiya suna shigowa rukuni-rukuni, har da iyayen surukan, waɗanda ko tari ba a yi a gabansu sai da dalili. Yaya na zaune a tsakiya kan tabarma, hannun yana kwance a cinya, a naɗe, kamar ɗan tsako mai barci.

Na ce ta juya ta yi wa bango.

"Wane bangon? Gabas alƙibla ce. Yamma gidan Malam ne, bango ɗaya muka haɗa. Kudu ɗakin surukata babba ne, in uwarta ta leƙo ta gani fa?"

"To arewa."

"Can su Inna da Baba suke kwance. Kai ba ka da kunya?"

Na nuna sama, ta ce a'uzubillahi. Ban ma nuna ƙasa ba, na san akwai amsa.

Sai na koma ga abin da na iya. Na ɗauko tsohon littafin rubutu da fensir, na zauna gabanta kamar mai shirin duba aikin gida.

"Yaya, ki ɗauka fatarki gari ce. Ranar da mai ya zuba, waɗanda suka fara isa wurin suka toshe ɓaraka, suka kuma yi shela. Shelar jiki ba da murya ake yin ta ba, wasu 'yan sinadarai ake saki su bazu. Fararen ƙwayoyin jini suka ji, suka zo suka kwashe datti da abin da ya mutu. Kumburin nan da zogin da kika sha, hayaniyarsu ce. Da suka gama shara, sai suka aika wa magina. Babban saƙon da ke kiran maginan, masana sun rasa sunan da za su raɗa masa, suka ba shi haruffa kamar lambar mota, TGF-beta."

"Allah ya raya," in ji ta.

"Saƙo ne mai ladabi, ba ya kutsawa cikin gida. A ƙofar ƙwayar halitta yake tsayawa ya yi sallama. Na bakin ƙofa ya gaya wa na zaure, na zaure ya kama hannun abokinsa su shiga har ƙuryar ɗaki inda littafin umarni yake, su buɗe shafin da ya ce a saƙa zare. Zaren nan shi ne tabo. Wasu daga cikin maginan kuma, saƙon yakan mai da su masu jan igiya, su kama bakin ciwo ta ko'ina su yi ta ja don ya haɗe. Duk wannan alheri ne. Inda gizo... inda matsalar take," na gyara, don na ga ta fara lumshe ido, "ita ce sanarwar tashi daga aiki. A ƙaramin yanka tana zuwa da wuri, masu ja su watse. A ƙuna mai zurfi irin taki takan makara wata da watanni. Suna nan suna ja, suna saƙa, kuma yadda suka sami hannun haka za su ɗinke shi."

Ta dubi tafinta.

"Wato 'yan gayya ne da ba a sallama ba."

"Madalla! Da a aji ne da na ce a tafa miki."

"To a dama musu fura su tafi. Kuma duk sallamar nan da ka ce ana yi a hannuna, ni ban ji ko ɗaya ba. Gidan wa ake shiga ba a gaida mai gida?"

Abin da kawai ta yarda da shi shi ne in ɗora hannun a shafi in zagaye shi da fensir, don ta ce wannan ba zagi ba ne, wasan yara ne. Na rubuta Juma'a a ƙasan zanen. Juma'a ta biyu na sake. Ta uku da na ɗora shafin a kan na farko na ɗaga su ga haske, sai na ga abin da nake tsoro. Tazarar babban yatsa da ƙarami ta ragu da faɗin yatsa biyu, kuma tafin ya daina kwanciya a takarda, ya fara zama kamar ludayi. Rannan na ga ta miƙa hannu za ta ɗauki murfin kwano, ya suɓuce. Ta yi sauri ta rufe hannun da gyale ta ci gaba da magana da baƙi. A lungun rumfa turminta na markaɗe yana kife, kaza ta hau kai. Ban yi dariya ba a wannan makon.

Ranar Asabar na je aski. Wanzamina ɗan kawunmu ne, wato taubashinmu, sa'an Yaya, domin dangin mahaifiyarmu wanzamai ne kaka da kakanni. Yana zama ƙarƙashin wata bishiyar bedi kusa da tasha, da zabirarsa da ta girme ni. Tsakanin taubasai, kowa ya sani, babu zagin da ke zama laifi, shi kuma ya ɗauki wannan 'yanci kamar aikin gwamnati. Yana jiƙa mini kai ina zuba masa labari, har da saƙo da zaure da masu jan igiya. Mutumin da ke riƙe da aska a kanka ba ya katse ka, yana da lokaci.

Da na gama ya goge askar a tafinsa.

"Mushe, duk wannan Faransancin don ka ce sabon tabo ɗanyen kirgi ne? Yadda ka shanya shi haka zai bushe. Me ya sa kake gani ana kafe fata da turaku? Mu da muka gaji yin tabo da gangan za ka koya wa? Kakanmu in yana son zane ya zauna a fuska, hana bakin tsagar haɗuwa yake da wuri, ya cusa baƙin tukunya. In ba ya son a ga alama, sai ya bi hanyar fata, don fata tana da hanya kamar itace."

Na ce to ai abin da nake faɗa ke nan, ita ce ta ƙi.

"Nuna mini abin da likitan ya ce ta yi."

Na nuna masa. Ya tsaya da aska a sama, ya dubi hannuna, fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir.

"Wannan? Wannan ne maganin? Kai, Allah mai iko. Shekara shida ke nan tun da ta dawo daga Makka ban sami ko ɗaya daga gare ta ba, ina zaune cikin maraici. Sunkuyar da kai in gama."

Washegari da hantsi ina gidan Yaya, tsakar gida cike da 'yan dubiya, sai ga sallamarsa. Ya shigo da zabira a kafaɗa, ya gaida kowa da ladabi, ya ja kujera 'yar tsugune ya zauna daidai gabanta.

"Ina baiwar gidanmu? An ce kin ƙone. Na ce ba mamaki, man ne ya gaji da algus ya rama."

"Allah ya shirye ka," in ji Yaya, tana jan carbi da hagu.

"Amin. Ni dai na zo godiya ne. Tun da kika kwanta haƙoran garin nan suka huta. Ga nawa na baya, ƙuli-ƙulinki ne ya tafi da shi. Na ji ma wani kafinta yana nema, gudumarsa ta ɓata."

Carbin ya ƙara sauri. Matan suka fara rufe baki da gyale.

Sai ya buɗe zabira ya zaro ƙullin leda. Ƙuli-ƙuli ne. Ya ɗauki ɗaya ya jefa a baki ya lumshe ido.

"Na wata 'yar Kurni ne. Kin ji? Narkewa yake. Yanzu duk kasuwa wurinta ake layi. Har masu sayen naki sun ce ashe da can wahala suke ci."

Hannun hagu ya saki carbi ya tashi da kansa. "Ungo naka!"

Ya dube shi a wulaƙance. "Ta hagu? Wannan ta yara ce. Ta hagu ba ta kama wanzami."

Na ga gyalen da ke cinyarta ya motsa. Hannun dama ya fito, ja, a lanƙwashe. Ta ɗaga shi gabansa iyakar yadda ya yarda.

Ya leƙa ciki. "Mene ne wannan kuma? Ɗanɗane kike roƙo? Ai sai ki faɗa." Ya ɗauki ƙuli-ƙulin 'yar Kurni ɗaya ya ajiye mata a tafi.

Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba. Ta watsar da shi, ta cije leɓe, ta tura hannun gaba, yatsun suka fara rabuwa ɗaya bayan ɗaya, hawaye na taruwa a idonta.

"Karɓi nan, tsohon banza!"

"Tsaya, tsaya, kada ki sauke, ban gani ba. Bari in sa tabarau."

Ya laluba aljihun dama. Ya laluba na hagu. Ya zazzage zabira, ƙaho da almakashi suka zubo. Ni kuwa ina ƙirgawa a zuci, kuma sai da na kai ashirin da uku ya gano tabaran a goshinsa.

"Uhm. Uku na gani. Uku ba zagi ba ne, lissafi ne. Sake."

Surukan biyu suka ruga ɗaki suna tuntsira dariya. Uwar babbar, wadda saboda ita aka haramta bangon kudu, ta share hawaye ta ce, "Ƙara masa, Hajiya, ai taubashi ne, ba zunubi." Rannan ya karɓi bakwai kafin ya tafi, ya kuma yi alkawarin dawowa bayan la'asar don ya ce bai ƙoshi ba.

Haka aka yi ta yi. Hantsi da la'asar, kullum da sabuwar tsokana, kullum tabarau sai sun ɓata. Da ya fita, ƙaramar surukar takan zauna ta murza mata man kaɗanya a tabon, don yanzu an samu aikin da za a yi wa Hajiya wanda ba ya cutar da ita. Ranar kasuwa ba ya samun zuwa, aski ya yi yawa. A irin wannan rana na taɓa shigowa na tarar da ita ita kaɗai tana fuskantar kujerarsa 'yar tsugune, hannu a sama, tana gunaguni. Na koma da baya a hankali.

Ni kuma na ci gaba da fensir. Mako biyu zanen bai motsa ba, abin da na ɗauka nasara, tunda ya daina raguwa. Daga nan ya fara faɗaɗa da kaurin layi ɗaya, wani makon ya tsaya, wani ya ƙara. Tabon ya yi ta ƙaiƙayi har damina ta faɗi, ya yi tauri kamar igiya a gindin yatsu, sannan a hankali jan ya dushe, tudun ya kwanta. Na gaya mata sanarwar tashi ta iso, masu ja sun watse, yanzu saura masu gyara da ke warware tsohon zare suna sake jera shi. Ta ce in gaishe su.

Da sabuwar gyaɗa ta shigo, 'ya'yanta suna gida, suka ce ta huta, sun isa su riƙe ta. Ta ce ta ji. Washegari da sassafe na jiyo ƙamshin suya daga gidana. Na same ta a rumfa, an kori kaza daga kan turmi, hannun dama cikin kwano har wuyan hannu, tana dannawa mai yana tsattsafowa ta tsakanin yatsu. Ɗan ƙaramin yatsan bai miƙe duka ba, har yau yana da ɗan lanƙwasa, kuma tafin yana da wani farin tabo mai kama da taswirar ƙasar da ba a gano ba. Ta ware kwanon farko ta ce a kai ƙarƙashin bedi, a gaya wa mai shi ya gwada da sauran haƙoransa.

Na zauna a bakin rumfa na ce, "Yaya, kin san fa da gangan yake yi."

"Tun rana ta biyu. Wane mahaukaci ne zai ɓatar da tabarau sau biyu kullum? Ni ma na ga hannun yana tafiya, kana tsammani ba ni da ido? Wanda zan yi wa na rasa."

"To amma ki faɗi gaskiya. Da ban yi miki bayanin saƙon nan da zaure ba, da ba ki gane haɗarin ba. Ilimi ne ya yi aiki, shi wanzami ɗan aike ne kawai."

Ta zaro hannun daga kwano, yana ɗigar mai, ta ɗaga shi daidai fuskata, ta ware.

Na gyara zama na duba shi da idon mai gyaran takarda. Tafi a shimfiɗe, huɗu a miƙe sarai, ƙaramin ya ɗan rusuna. Na ce sha takwas bisa ashirin.

Ta ce in matsa, ina tare mata haske, ta mai da hannun cikin tunkuza.